Zakkar Abin Da Ban Mallaka Ba

Na yi aiki a wani kamfani mai sayar da fitilu da faifan sola a kan biya sannu-sannu. Babban ofishinsu yana Legas, mu kuwa reshen Katsina ne, a wani gidan haya da aka mayar ofis can wajen Kambarawa. Aikina karɓar ƙorafin masu saye, wato ni ake zuwa a zazzage wa idan batir ya ƙi ɗaukar caji. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana zuwa a kan kari, kuma ina son aikin. Ina jin daɗi in ga tsohuwa ta shigo da fitila ɗaure a gefen mayafi tana ta faɗa, ta fita tana sa mini albarka.

Muna zaman zamanmu sai aka ce wasu Turawa sun zuba kuɗi a kamfanin, kuma sun kafe sai an gyara yadda ake lissafi. Aka turo mana sabon akanta. Bakano ne, dogo, mai tsabtar da ta wuce misali, sai ya goge tebur da hankici kafin ya ɗora gwiwar hannu. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Aibinsa ɗaya ne. Idan ya yi maka bayani ka ce ba ka gane ba, sai ya maimaita maka kalmomin nan dai da ya faɗa, amma a hankali, kamar kunnenka ne ke da matsala.

A satinsa na farko ya tara mu ya ce ya zo da sababbin ƙa'idoji. Ya fara da tsabar kuɗi. Daga ranar, ko sisi ba zai fita daga akwatin ƙananan kashe-kashe ba sai da rasit. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mai kabu-kabun da ke kai mu Ƙofar 'Yandaka duba fitila, ina zai samo rasit?" Ya ce a rubuta masa, shi kuma ya sa hannu. Haka muka koma rubuta wa kanmu rasit muna bin masu babur da biro. Akwai wanda na miƙa wa takarda ya ja da baya ya ce, "Hajiya, wallahi ni ban yi komi ba," ya tayar da babur ya bar mini kuɗinsa.

Daga nan sai kadarori. Akanta ya zagaye ofis da wasu ƙananan lambobi masu gam, yana manna wa duk abin da ba ya numfashi. Tebur, kujera, janareta, kwamfuta, har da fankar da ke kusa da ni. Fankar nan tawa ce, daga ɗakina na ɗauko ta a Ƙofar Guga lokacin da zafin bazara ya ishe ni. Ban lura ba sai bayan kwana biyu, kuma kafin nan ta riga ta shiga rajistar kamfani.

Na same shi na ce a cire mini kayana. Ya duba kwamfuta ya ce an ba fankar shekara biyar, kowace shekara ana rage mata daraja.

"To bayan shekara biyar ɗin fa?"

"Darajarta ta zama sifili."

"Ta daina juyawa ke nan?"

"A'a, tana juyawa. A lissafi ne ba ta da daraja."

Na tsaya ina kallonsa. Ya maimaita a hankali. Ya ƙara da cewa fitar da ita daga rajista sai an rubuta Legas an sa hannu. Na ce a bar ta, Allah ya ba kamfani lafiyar shan iska.

Duk wannan wasa ne a kan abu na uku. Ya bar shi sai ƙarshe, kuma da murmushi ya faɗe shi, irin na mai albishir. Ya ce kamfani ya ba kowannenmu damar sayen hannun jari. Muka fara tafi. Ya ɗaga hannu ya ce mu tsaya, ba hannun jarin aka ba mu ba, damar sayensa aka ba mu. An tsayar mana da farashi tun yau. Duk wanda ya cika shekara huɗu daga wannan rana yana aiki, zai iya kawo kuɗinsa ya saya a farashin yau, ko da a lokacin ya ninka. Wanda ya tafi kafin nan, ko da saura kwana ɗaya, damarsa ta bi ruwa.

Wani abokin aikinmu ya tambaya ko za mu iya sayarwa idan mun saya. Akanta ya ce kamfanin bai shiga kasuwar hannun jari ba tukuna, saboda haka sai ranar da ya shiga, ko ranar da wani babban kamfani ya saye shi. Yaushe ke nan? Ya ce Allah ne masani. Muka sake tafi, amma tafin bai kai na farko ƙarfi ba.

Duk da haka na koma gida raina fari ƙal. Ban gane abin ba, amma na ji an ba ni wani abu, kuma ban taɓa samun wani abu mai suna irin wannan ba. A gidanmu ba wanda ya taɓa haɗa hanya da hannun jari. Babanmu ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa tun ban san kaina ba, kuma a wurinsa dukiya ita ce abin da za ka ɗaga ka auna da kamu.

Baba yana da wata al'ada da ba ya wasa da ita. Duk shekara idan watan Muharram ya kama, sai ya zauna a tsakar gida bayan la'asar ya yi lissafin zakkarsa, kuma ba ya tsayawa a kan shagonsa. Kowa a gidan sai an tambaye shi abin da ya mallaka. A tambayi Inna 'yan kunnenta na gwal da ba ta sawa, a tambaye ni abin da na tara a banki. Mun sani, shi ma ya sani, babu wanda ya kai nisabi a cikinmu in ba shi ba. Amma yakan ce gara a duba a ga babu da a bar haƙƙin Allah a cikin gida ba a sani ba. Yana kirana Uwata, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, bana mi kika aje?"

Na faɗa masa ɗan abin da ke banki. Sannan bakina, wanda ba ya iya riƙe farin ciki, ya ƙara da cewa akwai kuma hannun jarin kamfani.

Baba ya cire tabarau. "Hannun jari? Na nawa?"

Na ce ai ba a ba ni ba tukuna.

"To mi aka ba ki?"

"Damar saye."

"Wa ya hana ki saye da can?"

Na ce ba a sayar wa kowa, mu kaɗai aka ba dama, kuma a farashin yau.

"To ki saya yau ɗin mana."

Na ce sai bayan shekara huɗu.

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "Adashi ne ke nan." Na ce ba adashi ba ne, ba na zuba komai. Ta ce to bashi ne suke bin ki. Na ce a'a. Ta ce to ke kike bin su. Na ce shi ma a'a. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce ita dai ba ta taɓa jin abin da ba naka ba, ba na mai shi ba, kuma ana murna da shi.

Na ji haushi. Na sami kaina ina maimaita kalmomin Akanta, a hankali, daidai yadda yake yi mana. Baba ya saurare ni har na gama. Shi ba dariya abin ya ba shi ba, damuwa ya sa shi. Idan dukiya ce, kuma ana cewa za ta iya ninkawa, to wataƙila ta kai nisabi, kuma ga ta a cikin gidansa ba a fitar mata da zakka ba. Washegari ya ce in sa hijabi, za mu je wurin Malam.

Malam limamin masallacin unguwarmu ne, tsoho mai haƙuri, wanda ya karantar da Baba kansa wasu littattafai. Muka same shi a zaure. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, aka koma aka sake tambayar gida. Sannan Baba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ɗiyarka ce ta zo da wata magana da ta fi ƙarfina."

Na yi bayani daga bayan Baba, kaina a ƙasa. Malam ya yi mini tambayoyi masu kyau, waɗanda suka fi nawa kyau. Abin yana hannunki? A'a. Za ki iya sayar da shi yau? A'a. Za ki iya ba wani kyauta? A'a. In Allah ya yi miki rasuwa, magada za su ci? Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba, ban taɓa tunanin in tambaya ba.

Malam ya shafa gemu. Ya ce shi dai abin da ya sani, ba a fitar da zakka a kan abin da mutum bai mallaka ba, kuma wannan bai ga alamar mallaka a jikinsa ba. Ya fi kama da alkawari. Game da ko cinikin kansa ya halatta, ya ce ba zai yi gaggawa ba, sabon abu ne a wurinsa, zai tambayi waɗanda suka karanci harkar. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya yi godiya.

A hanya ya ce mini, "Kin ji ko? Babu komi." Murna yake yi, an sauke masa nauyi. Ni kuwa sai na ji kamar an ƙwace mini abu a zauren nan, alhali an gama tabbatar mini ba ni da shi.

Shekaru suka tafi a haka. A ofis maganar damar nan ta zama abin hira idan babu masu ƙorafi. Wani ya ce ya ji labarin mai shara a wani kamfani a ƙasar waje da ya zama attajiri ta wannan hanya. Wani ya ce ƙanen matar yayansa ya yi irin wannan jira a Legas ya tashi a tutar babu. Ni ina tsakiya. Ranar da muka sayar da fitilu da yawa sai in fara gina gida a raina, har in zaɓi launin fenti. Ranar da aka dawo da kaya sai in rushe shi. Duk Muharram kuma Baba zai tambaye ni, da ɗan murmushi, ko abin nan ya zama abu. In ce tukuna.

Saura shekara ɗaya da 'yan watanni wa'adin ya cika sai aikin gwamnati ya fito mini. Wani aminin Baba ne, Alhaji, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, ya ji za a ɗauki mutane a wata ma'aikata ya sa na nema. Na yi jarrabawa na yi ganawa, ban ma sa rai ba. Alhaji kuwa, da ciwon gwiwarsa, ya yi ta zarya yana bin maganar har sunana ya fito. Ya zo gidanmu da kansa ya kawo albishir, Inna ta yi guɗa. Aiki ne mai fansho, ba mai korarka don ciniki ya ja baya. Kuma an ce in kai kaina kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani.

Kowa a gidan yana murna ban da ni. Na rasa abin da ke mini daɗi. Idan na tafi, shekara kusan uku na jira ta tashi a banza. Idan na zauna, na watsa wa Alhaji ƙasa a ido, na bar aikin da mutane ke nema da kuka, saboda abin da Malam ya ce alkawari ne kawai.

Na sami Akanta a ofishinsa na rufe ƙofa. Na ce, "Malam, don girman Allah yau kada ka maimaita mini komai. Ka faɗa mini da Hausar da ake sayen tumatir da ita. Abin nan nawa ne?"

Ya ce akwai ƙimar da aka yi masa a lissafi, masana ne suka fitar da ita ta wata hanya mai wuya, amma ba kuɗin da zan karɓa ba ne.

"To nawa zan karɓa?"

"Zai iya zama mai yawa ƙwarai. Zai iya zama babu."

"Kai da kake akanta, in kai ne ya za ka yi?"

Ya goge tebur da hankici, ko da yake babu ƙura. Ya ce shi ma yana da irin damar, kuma matarsa ta daina tambayarsa. Wannan ce kawai amsar da na samu, kuma na fito na fi yadda na shiga ruɗewa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce ina so in zauna. Ina son tsofaffina masu faɗa. Kuma ina son in ga ƙarshen abin, ko da babu ne, in san dai na gani da idona. Na fara ja da baya a gida, ina cewa bari in yi tunani, bari in yi istihara. Inna ta ce tunanin me, ana ba ki tuwo kina tambayar hayaƙin gidan maƙwabta. Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce to ni na gane? Na shige ɗaki na bar mata tsakar gidan.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Wata safiya kafin ya fita kasuwa ya tsaya a ƙofar ɗakina, hularsa a hannu.

"Uwata, ni ban ce ki bari ba, ban ce ki zauna ba. Ke ka aikin, ke kika san shi. Abu ɗai nike so. Ki hwaɗa mani abin da zan ce ma Alhaji. In kin ce kina da wani abu can da ya hi wannan, ki sa mani shi a baki yadda zan iya maida mashi, in tahi in hwaɗa mashi da kaina. Ba ni jin kunya in dai na san abin da nike cewa."

Ya sa hula ya fita. Na wuni ina gwada jimlar. Alhaji, ta gode, amma tana da damar sayen wani abu da kuɗinta nan da shekara guda, abin da ba za ta iya sayarwa ba sai ranar da ba a sani ba, kuma wataƙila babu riba. Na juya ta ta kowace fuska. Na yi ta da Turanci a raina, ta fi daɗin ji, amma Alhaji ba da Turanci za a gaya masa ba. Na hango Baba zaune a zauren amininsa na shekara da shekaru, yana wannan bayani a hankali, Alhaji yana kallon gwiwarsa. Na kasa ɗora masa wannan. Ban gamsu cewa abin banza ba ne, har yau ban gamsu ba. Na dai kasa samo kalmomin da zan ba mahaifina.

Da ya dawo na ce masa zan karɓi aikin gwamnati. Ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi masallaci da saurin da na daɗe ban ga ya yi ba.

Ranar da zan bar ofis aka yi mini ɗan taro, aka sha lemo, aka yi hotuna. Bayan an watse na shiga wurin Akanta in sa hannu a takardun sallama. Na tambaye shi, don in ji dai, yanzu damar tawa ina za ta, ko wani za a ba.

Ya ce ba wanda za a ba, za a soke ta ne. Sai ya juyo mini da kwamfuta, yana jin daɗin samun mai tambaya. Ya ce tun ranar da aka ba mu damar, kowane wata kamfani yana rubuta wani kaso a cikin abin da ya kashe a kan ma'aikata, da sunan damar nan. Nawa kason yana ciki, wata bayan wata, kusan shekara uku.

Na ce, "Tsaya. Kuna rubuta kun kashe kuɗi a kaina?"

"E."

"Ina kuɗin?"

"Ba kuɗi ne da suka fita ba. Rubutawa ake yi, domin ƙa'ida ta ce alkawarin ma tsada ne a kan kamfani."

"To yanzu da zan tafi?"

"Tunda ba ki cika wa'adi ba, duk abin da aka rubuta a kanki za a mayar da shi." Ya nuna wani layi da bakin biro. "Kin ga, ribar wannan watan ma za ta ɗan ɗaga."

Bai faɗa da mugunta ba. Bayani yake yi, kuma wannan ne karo na farko da na gane bayaninsa tun daga farko har ƙarshe ba sai ya maimaita ba. Na sa hannu. Na yi masa sallama, ya ce a gaida Katsinawa, kamar shi ba a cikinsu yake zaune ba. Na tari Keke Napep, kuma tun daga Kambarawa har Ƙofar Guga ban san ko kuka nake so in yi ko dariya ba.

Na tarar da Baba a ƙofar gida a kan benci, ya dawo daga gidan Alhaji, fuskarsa sai sheƙi take yi. Ya matsa mini wuri, abin da bai saba yi ba a waje. Ya tambaye ni ko an rabu lafiya, na ce lafiya lau.

"Ai na sani," ya ce. "Yadda kike masu aiki kamar naki, ba ƙaramin rashi suka yi ba. Sun ji zahin tahiyarki ko?"

Na dubi fuskarsa. Na ce, "Sun ji, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce in shiga in ci abinci kada ya huce.